Kyamara Tsakanin Daji da Caji Ofis: Sharhi a kan Finafinan Tsaro da Yardar Jama'a ga 'Yan Sanda a Ƙasar Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa

Gabatarwa

A cikin shekarar 2022 an nuna wasu finafinai guda biyu a kan ta'asar 'yan bindiga a Arewa maso Yammacin Nijeriya, waɗanda suka tayar da ƙura har sai da Gwamnatin Tarayya ta sa baki. Na farko shi ne wanda gidan talabijin na Trust TV da ke Abuja ya nuna a watan Maris, na biyu kuma shi ne na sashen bincike na BBC mai suna Africa Eye, wanda ya fito a ƙarshen watan Yuli. Dukkansu ba wasan kwaikwayo ba ne. Finafinai ne na bin diddigi, wato irin waɗanda ɗan jarida kan ɗauki kyamara ya tafi inda abu ya faru, ya ɗauko mutane na haƙiƙa suna magana da bakinsu.

Muhawarar da ta biyo baya ta tsaya ne a kan tambaya ɗaya: shin ya dace a ba ɗan bindiga damar magana a talabijin ko bai dace ba? Wannan maƙala za ta dubi al'amarin ta wata fuska, wato ta fuskar mutumin Ruwan Godiya da maƙwabtansa na Sheme da 'Yankara da Kadisau, da na ƙasar Ƙanƙara da Sabuwa, waɗanda su ne ke kwana da wannan masifa suna tashi da ita. Abin da muke son ganowa shi ne ko ire-iren waɗannan finafinai sun yi wa wannan mutum adalci, sannan ko sun taɓo ainihin abin da ke sa ya yarda da ɗan sanda ko ya guje shi. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, finafinan tsaro da muka gani zuwa yanzu, na yabon hukuma da na tonon silili, duk sun miƙa makirfo ga mai riƙe da bindiga, suka bar wa talaka kuka kawai.

Daga ɗan doka zuwa ɗan sanda

Dattawan da ke karanta wannan sharhi sun san cewa ɗan sandan da muke gani yau ba shi ne farkon mai tsaron doka a ƙasar Katsina ba. Akwai dogarai tun kafin zuwan Turawa, sannan a zamanin En'e aka kafa 'yan doka. A Katsina, a shekarar 1929 aka ɗora Usman Nagogo, ɗan Sarki Muhammadu Dikko, a kan shugabancin 'yan doka, shekara goma sha biyar kafin ya gaji mahaifinsa a 1944. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin matsayin da aka ba aikin. Ɗan doka ɗan ƙasa ne, an san gidansu, an san wanda za a kai wa ƙararsa, kuma yana aiki ne kafaɗa da kafaɗa da hakimi da dagaci da mai unguwa.

Ba muna cewa zamanin 'yan doka zamanin adalci ne tsantsa ba. Tsofaffin 'yan NEPU da suka sha ɗauri da bulala suna da nasu labarin, kuma irin wannan amfani da aka yi da 'yan doka wajen murƙushe 'yan adawa yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta Janar Yakubu Gowon ta narkar da su a cikin rundunar 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Amma da aka yi haka, sai aka yi maganin wata cuta aka buɗe ƙofar wata. Mai tsaron doka ya koma baƙo, umarninsa na zuwa daga Legas, daga baya Abuja, kuma ana iya ɗauke shi gobe a kai shi wata jiha. Duk da cewa Katsina ta ba ƙasar nan Sufeto Janar har biyu, wato M. D. Yusufu daga 1975 zuwa 1979 da Ibrahim Coomassie daga 1993 zuwa 1999, wannan bai rage nisan da ke tsakanin manomin ƙauye da caji ofis ba.

Haka nan kuma, hoto mai motsi ba baƙo ba ne a wannan yanki. A shekarun 1950 aka shirya fim ɗin Baban Larai a wajen Daudawa, cikin ƙasar Faskari ta yau, domin jawo hankalin manoma ga noman auduga, aka riƙa zagayawa da shi a majigi. Tun daga wancan lokaci mutanenmu suka fahimci cewa duk hoton da aka haska masu a bango, akwai mai shi, kuma akwai abin da yake so a gani.

Hoton da 'yan sanda ke ɗaukar kansu

Kashin farko na finafinan tsaro, wanda ya fi daɗewa kuma ya fi yawa, shi ne wanda hukuma ke tsarawa da kanta. Kowa ya san siffarsa. A tara waɗanda ake zargi a harabar hedikwatar 'yan sanda, a zaunar da su a ƙasa, wasu ba riga, a jera bindigogi da harsasai da wayoyi da babura a gabansu, kakakin runduna ya karanto sunaye da laifuffuka, sannan 'yan jarida su matsa da makirfo su ce, "Me ya kai ka?" A shekarun da rikicin ya yi ƙamari, wannan hole ya zama kamar abincin mako a labaran talabijin na jihar nan, kuma muryar kakakin rundunar na wancan lokaci, Gambo Isah, ta shiga kusan kowane gida.

Dole a yi wa wannan tsari adalci ta fuska ɗaya. Mutumin da aka kore wa shanu ko aka ɗauke wa mata yana son ya ga alamar cewa hukuma na motsi, kuma gani ya kori ji. Sau da dama ta wannan hanya ce jama'a suka fahimci cewa masu kai wa 'yan bindiga burodi da fetur da magunguna, da masu tsegunta masu wanda ya sayar da amfanin gona, a cikin gari suke kwana. Wannan ilimi ne mai ɗaci, amma ilimi ne.

Sai dai a matsayinsa na shaida, hole gurgu ne. Mutumin da ke zaune a ƙasa, kewaye da masu bindiga, wanda ya san inda zai kwana a daren nan, duk abin da ya faɗa ba za a kira shi magana ta son rai ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar, amma a ƙauye duk wanda aka ga fuskarsa a talabijin an riga an yanke masa hukunci, shi da 'ya'yansa da masu neman auren ƙannensa. Abin da ya fi wannan illa ga yardar jama'a kuwa shi ne, fim ɗin hole ba ya da kashi na biyu. Ba a komawa a ce mana an gurfanar da wane a kotu kaza, an yi shari'a, ga hukunci. Saboda haka idan bayan wata uku aka ga mutumin a kasuwar Sheme yana ciniki, ba wanda zai ce kotu ce ta wanke shi, ko da kuwa hakan ne ya faru. Abin da za a ce shi ne kuɗi sun yi aiki. Wanda ya kai rahotonsa kuma ya shiga uku, kuma daga ranar ya rantse ba zai sake buɗe baki ba. Jihar Legas ta haramta holen waɗanda ake zargi a dokarta tun 2021, kuma a farkon 2025 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da umarnin a daina a duk ƙasa. Umarnin ya hana nuna fuska, amma bai cika giɓin labarin da jama'a ke nema ba, wato me ya faru da wanda aka kama.

Akwai kuma ƙanin hole, wanda ya fi shi kyan tufafi. Shi ne fim ɗin da ɗan jarida kan shiga motar 'yan sanda ya bi su farauta. A 2019 BBC ta nuna irin wannan a kan satar mutane a Nijeriya, inda wakilinta ya bi tawagar musamman ta Sufeto Janar da Abba Kyari ke jagoranta. Duk wanda ya kalli shirin ya ga jarumai masu ƙwazo, kuma mai yiwuwa ne abin da aka nuna ɗin gaskiya ne a ranakun da aka ɗauka. Amma a 2021 aka dakatar da Abba Kyari bayan hukumomin Amurka sun ambaci sunansa a shari'ar wani ɗan damfara, sannan a Fabrairun 2022 aka kama shi aka miƙa wa hukumar NDLEA bisa zargin da ya shafi miyagun ƙwayoyi, zarge-zargen da ya musanta. Ba aikinmu ba ne mu yanke masa hukunci. Abin lura ga mai sharhi shi ne, kyamarar da ta hau motar wani ba ta ganin komai sai abin da tagar motar ta nuna mata. A Amurka ma an yi shekara talatin da 'yan kai ana nuna wani shiri mai suna Cops a kan wannan tsari, tun daga 1989, har sai da tashar da ke nuna shi ta janye shi a 2020 bayan kisan George Floyd.

Don kada a ce mun ɗora wa BBC laifin yabo kawai, a Fabrairun 2020 sashen nata ya fitar da wani binciken a kan azabtarwar da jami'an tsaro ke yi ta hanyar ɗaure hannuwa ta baya, inda ya kawo labarin wani matashi da ya rasu a hannun 'yan SARS a Kano a 2014. Wata takwas bayan haka zanga-zangar EndSARS ta ɓarke, aka rusa rundunar a ranar 11 ga Oktoba, 2020. A nan ma an ga rabuwar kai: matasan Kudu na neman a rusa, gwamnonin Arewa na cewa suna buƙatarta. Mutumin Faskari kuwa yana tsakiya, domin yana tsoron ɗan sanda idan ya zo, yana kuma kukan rashinsa idan bai zo ba.

Hoton da aka ɗauko daga daji

Kashi na biyu shi ne na finafinan 2022. Na Trust TV, mai suna Nigeria's Banditry: The Inside Story, ya kai mai kallo har wurin Bello Turji. Na BBC kuwa, The Bandit Warlords of Zamfara, wani matashi ɗan Zamfara mai karatun lauya, Yusuf Anka, shi ne ya jagorance shi, bayan ya shafe shekaru yana shiga ƙauyuka da dazuzzuka a kan babur. Jarumtar da aka yi wajen ɗaukar waɗannan finafinai ba abin musu ba ce, kuma duk mai sukar su daga ɗaki mai sanyi ya kamata ya fara amsa wannan.

Fim ɗin BBC ya fi ƙarfi a wurare uku. Ya nuna gawawwaki da masu rauni na ɓangaren manoma, ya kuma nuna rugagen Fulani da aka ƙona da kokensu a kan 'yan sa kai, abin da kafofin labarai na gida suka daɗe suna kauce wa. Ya samo wani mai suna Abu Sani wanda ya ce da hannunsa a sace 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, ya kuma yi iƙirarin cewa an biya naira miliyan 60 kuma makamai suka saya da su, alhali gwamnatin Zamfara ta ce ba ta biya ko kwabo ba. Sannan ya nuna abin da ya faru ranar da aka mayar da 'yan matan ga iyayensu, inda hatsaniya ta tashi, jami'an tsaro suka buɗe wuta, harsashi ya sami wani yaro. Wannan guntun hoto, a ganinmu, shi ne mafi muhimmanci a fim ɗin gaba ɗaya ga wanda ke son ya fahimci inda yarda take zubewa: ranar murna ce, ga iyaye, ga hukuma, amma aka tashi da jini.

To amma ga mutumin Faskari, fuskar da ta fi tsaya masa a rai ita ce ta Ado Aleru. A watan Yunin 2020 aka kai hari Kadisau aka kashe mutane masu yawa, kuma rundunar 'yan sandan Katsina, ƙarƙashin Kwamishina Sanusi Buba, ta ayyana Ado Aleru a matsayin wanda take nema, ta sa ladan naira miliyan 5 ga wanda ya taimaka aka kama shi. Shekara biyu bayan haka sai ga shi a talabijin, a zaune cikin natsuwa, yana bayyana dalilansa, yana maganar kisa kamar mai lissafin buhunan masara. Malamin makarantar da ya binne ɗalibinsa ko maƙwabcinsa a Kadisau, idan ya ce wannan hoto ya yi masa ciwo, ba za a ce masa bai fahimci aikin jarida ba. Fitacciyar 'yar jarida Kadaria Ahmed tana cikin waɗanda suka soki BBC a rubuce a kan wannan batu, kuma sukar tata tana da tushe.

Mu dai ba mu ga laifi a yin hira da ɗan bindiga ba. Likita ba ya maganin cutar da bai duba ba. Inda muke da ja shi ne rabon lokaci da rabon daraja. A irin waɗannan finafinai ɗan bindiga shi ke yin bayani: yana da tarihi, yana da hujja, yana da ra'ayi a kan gwamnati. Talaka kuwa sai a nuno shi a kan kabari ko a gadon asibiti, ya yi kuka, a wuce. Ga shi kuwa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manomin Ruwan Godiya yana iya yi maka bayanin yadda aka fara daga satar shanu aka koma satar mutane, da yadda ake biyan kuɗi kafin a yi noma a sake biya kafin a yi girbi, da ranar da aka kira jami'ai suka zo, da ranar da aka kira ba su zo ba. Wannan bayani ne na masani, ba kukan wanda aka zalunta kawai ba, amma ba kasafai ake zaunar da shi a ba shi minti goma kamar yadda ake ba mai bindiga ba.

Wani abin dubawa kuma shi ne yadda fim ɗin BBC ya karkata ga fassara rikicin a matsayin faɗan Hausa da Fulani. Akwai gaskiya a ciki, ba mai musun haka. Amma wanda ya zauna a ƙasar Ƙanƙara ko Sabuwa ya san Fulanin da aka raba da garkensu ƙaf suka koma gari suna dako, ya kuma san Hausawan da ke cin abinci daga daji. Ya san cewa tun kafin a kai ga ƙabila, akwai burtali da aka nome, da shari'ar ɓarnar gona da aka mayar hanyar tatsar makiyayi, da belin da aka rubuta a bango cewa kyauta ne amma sai an sayar da sa kafin a fito. Waɗannan duk a gaban hukuma suka faru, a kotu da caji ofis, kuma nan ne kyamarar ba ta daɗe ba.

Tarar miliyan biyar

Kwanaki kaɗan bayan fitowar fim ɗin BBC, Ministan Yaɗa Labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ce finafinan biyu sun ɗaukaka ta'addanci kuma za a hukunta masu su. A ranar 3 ga Agusta, 2022 hukumar NBC mai kula da kafofin yaɗa labarai ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5, ta kuma ci kamfanonin MultiChoice da TSTV da StarTimes irin wannan tara kowannensu saboda sun haska na BBC. Mai karatu zai lura cewa kuɗin da aka sa a kan kama Ado Aleru su ne daidai kuɗin da aka ci wanda ya nuna hotonsa.

Abin da ya ƙara raunana hujjar gwamnati shi ne, a tsakiyar watan Yulin nan, kafin fim ɗin BBC ya fito, an yi wa Ado Aleru naɗin Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoton Daji, da rana tsaka, a bainar jama'a. Gwamnatin Zamfara ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin, amma rawani ya riga ya hau. In ana maganar ɗaukaka, tsakanin kyamara da rawani wanne ya fi? A 2025 kuma an sake ganin mutumin a zaman sulhu a ƙasar Ɗanmusa da ta Faskari, hotunan suka bazu a wayoyi ba tare da wani gidan talabijin ya sha wahala ba. Ita kuwa tarar, a Janairun 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta soke ta a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar, bisa hujjar cewa NBC ba kotu ba ce balle ta yanke hukunci. Sai dai tsoron da tarar ta jefa a zukatan masu ƙananan tashoshi bai tafi da hukuncin kotu ba, kuma wanda ya yi asara shi ne ɗan jaridar gida, mai jin harshen mutane, wanda shi ya fi cancanta ya ɗauko labarin.

Fim ɗin da ba a ɗauka ba

Idan gwamnati na ganin cewa talabijin ce ke zubar da mutuncin jami'an tsaro a idon mutanen wannan yanki, to ta yi kuskuren lissafi. Mutumin Ruwan Godiya bai jira BBC ta gaya masa halin da yake ciki ba. A farkon 2022, kafin ko ɗaya daga cikin finafinan ya fito, 'yan bindiga sun shiga garin da dare sun tafi da mutane masu yawa. Kafin nan, daga Satumba zuwa Disambar 2021, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, an kuma hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Ko mene ne amfanin matakin ta fuskar yaƙi, wayar da za a kira ɗan sanda da ita ma ta mutu tare da ta ɗan bindiga. A Agustan wannan shekara ta 2021 ne Gwamna Aminu Bello Masari da kansa ya shawarci mutane su nemi makami su kare kansu. Babu wani fim da ya kai wannan magana nauyi.

Wani abin da ke cin yarda a hankali shi ne saɓanin lissafi. A daren 11 ga Disamba, 2020 aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. An yi kwanaki ana jin adadi iri-iri, gwamna ya ce 333 ne ba a gani ba, ranar 17 ga wata kuma aka sako 344. A Fabrairun 2024, da aka tare 'yan rakiyar amarya a ƙasar Sabuwa, adadin da hukuma ta bayar ya yi ƙasa da wanda mutanen yankin suka ƙirga. Jami'i na iya ganin wannan ƙaramin abu ne, ko ma dabara ce ta kwantar da hankali. Amma uwar da aka rage ɗanta daga lissafi ba za ta sake gaskata sanarwa ba.

Haka kuma, akwai wanda finafinan nan na kashi biyu duk suka manta da shi, wato ƙaramin ɗan sanda, kurtu ko kofur ko saje, da aka ajiye a ƙauye. A hole manya ke magana, a fim ɗin daji kuma inuwarsa kawai ake gani. A 2020 Gwamna Masari ya koka cewa akan sami 'yan sanda kamar 30 su ne ke tsaron ƙauyuka 100. A daren Ƙanƙara, bisa bayanin rundunar, 'yan sandan da ke gadin makarantar sun yi musayar wuta da maharan, wani sufeto ya ji rauni, kuma wannan ne ya ba wasu yara damar tsallake katanga. Wata guda kafin nan, a Nuwambar 2020, a kan wannan hanya ta Ƙanƙara zuwa Sheme aka tare motar haya aka yi awon gaba da wasu jami'an 'yan sanda masu muƙamin ASP da ke kan hanyarsu ta zuwa Zamfara, har Sashen Hausa na BBC ya ruwaito cewa iyalansu na fafutukar haɗa kuɗin fansa, kafin rundunar ta sanar da kuɓutar tara daga cikinsu. Mutumin da iyalinsa za su iya shiga irin wannan hali, shi ne kuma wani lokaci yake tsayawa a shinge yana karɓar na goro a hannun mai babur. Fim mai adalci shi ne wanda zai nuna fuskokin nan biyu a jikin mutum ɗaya, ba tare da ya wanke shi ko ya tsine masa ba.

An taɓa yin irin wannan a wata ƙasa. A 1982 BBC ta nuna jerin shirye-shirye mai suna Police, wanda Roger Graef da abokan aikinsa suka ɗauka a ofishin 'yan sandan garin Reading na Ingila. Ba su bi ɓarawo daji ba, zama suka yi a ofis watanni suna ɗaukar aikin yau da kullum. A wani kashi aka ga yadda jami'ai uku suka titsiye wata mata da ta kawo ƙarar fyaɗe, suna yi mata tambayoyin wulaƙanci. Jama'a suka fusata, kuma wannan ya taimaka wajen sauya yadda 'yan sandan ƙasar ke karɓar irin wannan ƙara. Kyamarar ba ta yi sharhi ba, ta dai zauna a inda talaka da hukuma ke haɗuwa.

A wurinmu wannan wuri shi ne kanta. Da gidan talabijin na jiha, KTTV, ko wata tasha mai zaman kanta za ta sami izinin zama wata uku a wani caji ofis na wannan yanki, da an ga abubuwan da ba a taɓa nunawa ba: ƙarfe nawa aka bugo waya, mutum nawa ke bakin aiki, akwai mai a mota ko babu, wa ya sayi takardar da aka rubuta ƙara a kanta, kwana nawa mutum ya yi a bayan kanta kafin a kai shi kotu, kuma me aka ce wa wanda ya zo beli. Yanzu ma aikin ya ƙaru, domin tun Oktobar 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha da matasa 1,466 a rukunin farko, 'yan asalin garuruwan da suke tsaro. Ta wata fuskar wannan komawa ce ga tsarin ɗan doka, da alherinsa da haɗarinsa, kuma yadda waɗannan matasa ke mu'amala da wanda suka kama, musamman Bafulatanin da ya shigo kasuwa, abu ne da ya kamata a ajiye shaidarsa tun yanzu.

Mun san akwai cikas. Hukuma ba ta saba buɗe ƙofa ba, tashoshin gida ba su da kuɗin da za su ajiye ma'aikata wata uku a wuri ɗaya, kuma mafi wuya, mutanen ƙauye na tsoron magana saboda masu kai tsegumi daji. Ado Aleru ya zauna gaban kyamara da fuskarsa a buɗe. Manomin Ruwan Godiya kuwa, kafin ya faɗi abin da ya sani, sai an rufe fuskarsa, an sauya muryarsa, an kauce wa nuna bishiyar ƙofar gidansa, sannan wanda ya ɗauki hoton ya tabbata bai bar faifan a wayar da za a iya ƙwacewa a hanyar Funtuwa ba.